Barnabe, Maroƙin da Ya Yi wa Ubangidansa Shiru

Duk wanda tayar kekensa ko ta motonsa ta taɓa sacewa a hanyar tashar Zinder ya san rumfar Barnabe mai faci. Mai rumfar ya riga mu gidan gaskiya a kakar da ta wuce, Allah ya ba shi hutawa. Yawancin mutanen gari da faci suka san shi. Waɗanda suka zauna kusa da shi a majami'ar Katolika kuwa sun san faci hanyar cin tuwo ce kawai. Sana'arsa ta gado roƙo ce, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai bar ta ba, ubangida kawai ya sake.

Sunansa na yanka Suma'ila. A Durum aka haife shi, a gidan Mai Nasara, maroƙin manoma. Tun yana ɗan ƙarami yake bin ubansa wajen gayya, yana jin yadda tsohon ke kiran manomi da sunan ubansa da na kakansa, har mutum ya manta da ciwon baya ya cinye kunya biyu kafin na kusa da shi ya gama ɗaya. A nan ya koyi yadda sana'ar take. Wanda ya ba ka, ka ɗaga shi sama. Wanda ya hana, ka yi masa habaici a bakin ƙofarsa, ba ka kama suna ba amma kowa ya gane. In kuma abin ya kai maƙura, sai ka sa rigarka mai kyau, ka rataya kalangunka, ka je ka zauna a gaban mutumin ranar taro, ka kame bakinka. Mai Nasara yakan ce shirun maroƙi ya fi zaginsa ciwo, amma sai in a kan idon mai shi aka yi.

Suma'ila yana saurayi gyambo ya kama shi a ƙafar hagu. Aka yi saƙe-saƙi, aka yi ƙulle-ƙulle, ƙafa sai ƙara ruɓewa take yi, har abokansa suka fara zama nesa da shi. Lokacin ubansa ya riga ya rasu. Yayansa Habibu ne ya ɗora shi a bayan motar gyaɗa ya kawo shi Zinder, wani ɗan ɗakin magani da su maser ke riƙe da shi, wato matan nan da suka ba da rayuwarsu ga aikin majami'a. Wata tsohuwa a cikinsu ita ke durƙusawa kowace safiya tana wanke masa ciwon, ba ta taɓa kau da kai ba. Da ƙafa ta fara haɗewa, jinin gado ya motsa. Ya tambaye ta sunan ubanta da na kakanta, don ya yi mata abin da ya iya.

Ta yi dariya, ta ce da Hausarta mai tsami-tsami, "Ni baiwa ce a gidan nan. In za ka yi, ka yi wa mai gidan."

"Wane ne mai gidan? Ban taɓa ganin ya leƙo ba."

Daga wannan tambaya komai ya fara. Ya ɗauki shekaru yana koyo, yana kuma koyon faci wurin wani mutum a bakin tasha, kafin a yi masa baftisma a sa masa Barnabe. Habibu ya yi fushi ya ɗauke ƙafa, amma jini ya fi ruwa kauri. Daga baya in ya shigo cin Kasuwar Dole a gidan ƙanen nasa yake sauka, sai dai bai taɓa kiran sa da sabon sunan ba.

A zamanin, mutanen majami'ar yawancinsu baƙi ne daga Togo da Benin da Burkina, teloli da makanikai da malaman lakwal, wato makarantar boko. Waƙoƙinsu na Faransanci ne, daga takarda. Wata Lahadi bayan an karɓi jibin Ubangiji, wato gurasar da ake ci don tunawa da Yesu, Barnabe ya ji abin ya cika masa ciki. Ya miƙe ba tare da ya shawarci kowa ba, ya matse kalangu a hammata, ya ɗaga murya:

Mai gidan da ba a rufe ƙofa,
Rijiyar da ba ta san rani ba,
Kai ka san sunan ɗan tsako tun yana cikin ƙwai.
Mai kyauta, ga maroƙinka.

Mushe Komla, wato Malam Komla a bakin masu Faransanci, mutumin Togo mai koya wa ƙungiyar waƙa, ya same shi bayan an tashi ya ce, "Ɗan'uwa, nan ba kasuwa ba ce." Amma mompe, wato limamin majami'ar, ya ce a bar shi. Kafin wata ya zagayo, matan Benin masu sayar da kifi sun iya amshin, yara kuma suna yin sa a hanyar gida.

Abubuwa suka yi ta zuwa masa. Ya samu rumfarsa ta kansa. Ya auri Wasila, marainiyar da ta tashi a hannun su maser, mace mai kaifin baki da taushin zuciya. Sun daɗe ba haihuwa, Barnabe ya yi ta zuba kirari Lahadi bayan Lahadi, sai ga ɗiya mace. Suka sa mata Sadiya, a baftisma Terez. A zuciyar Barnabe maganar a fili take, kamar yadda ya gan ta a gonakin Durum: ya yi yabo, an ba shi. Ya samu ubangidan da ya san darajar maroƙi.

Sadiya ta tashi da muryar gidansu. Ita ce ke fara ɗaukar amshi kafin sauran su shigo, in uban ya manta baiti ita ke jefa masa da ido. Tana gab da gama karatun zama malamar lakwal sanƙarau ya shigo gari a wata bazara. Da safe ta ce kanta na ciwo, da la'asar wuya ya sanƙare. Barnabe ya bar ta a asibiti da uwarta ya ruga majami'a, ya tsaya shi kaɗai a gaban bagade, teburin da ake ɗora jibi a kansa, ya zazzage duk kirarin da ya taɓa yi, ya ƙaro waɗanda bai taɓa yi ba, har muryarsa ta dushe. Da ya koma ya tarar an rufe ta da zane.

Bai yi kuka ba, ko a maƙabarta. Lahadin da ta biyo, ya bari sai da aka fito daga addu'a, ya tsaya a bakin ƙofar majami'a, ya buga kalangu sau ɗaya:

Na san wani mai gida a garin nan,
Dama na miƙowa, hagu na karɓewa.
Ya sha waƙa shekara da shekaru,
Ranar da aka zo da buƙata ya ce ba ya nan.

Wasu mata suka toshe wa 'ya'yansu kunne. Barnabe ya tsaya yana jiran a tsawata masa, don da an yi da ya samu abokin faɗa. Mompe ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Faɗa masa duka, Barnabe. Yana ji."

Daga ranar Barnabe ya ɗauko makami na ƙarshe na gidan Mai Nasara. Kowace Lahadi sai ya sa farar riga da hula mai kyau, ya rataya kalangu, ya riga kowa zuwa, ya zauna a bencin gaba. A yi waƙa, bakinsa a rufe. A yi addu'a, bakinsa a rufe. A tashi karɓar jibi, shi yana zaune, idonsa a kan bagade. Sunan 'yarsa ma ya daina faɗa. Baƙin da suka zo garin daga baya suna nuna shi suna cewa ga tsoho mai tsoron Allah, ba ya fashi, ba ya surutu.

Wasila ta gaji ta ce masa, "Kai da kake fushi, me kake zuwa yi? Zauna gida mana ka huta wa ƙafarka."

"In na zauna gida, ina zai san da shi nake?"

"Shi da ka ce ya san sunan ɗan tsako a cikin ƙwai, sai naka fushin ne zai ɓace masa?"

Barnabe ya ɗauki hularsa ya fita. Abin da yake jira ya san shi sarai. Ubangidan da maroƙi ya yi wa shiru, ko dai ya aiko da ɗan saƙo a sasanta, ko ya sa a kore shi daga ƙofarsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba ɗan saƙo, ba kora. Aka sake mompe, sabon ma gaishe shi kawai yake yi da hannu biyu. Gemun Barnabe ya yi fari. Tari ya kama shi, likita ya ce ƙirjin ya gaji. Allah sarki, mutumin da dariyarsa ke tsayar da masu wucewa ya koma sai ya yini yana manna faci bai ce uffan ba. Tsoron Wasila ɗaya ne, kada mutuwa ta zo ta same shi a cikin wannan gaba. Ta rasa wanda zai iya da shi, sai ta aika Durum.

Habibu ya iso ana saura kwanaki kaɗan Pak, idin tashin Yesu daga matattu. Ya tsufa ƙwarai, shi ne babban maroƙan garinsu a lokacin. Ya zauna a kan tsohuwar taya a rumfar faci, ya sha ruwa, ya ɓare goro, ya daɗe yana kallon ƙanensa.

"Suma'ila, an ce ka yi wa ubangidanka yaji."

"Yaji na mata ne, Yaya. Shiru na yi masa."

"Ya aiko?"

"Bai aiko ba."

"Ya sa an kore ka?"

"Ko kallon banza ba a yi mini ba."

"To, ko dai shirun naka ne ba shi da nauyi, ko kuwa ka gamu da wanda ya fi ƙarfin sana'armu." Habibu ya tofar da bawon goro. "Ni ka san inda na tsaya. A wurina Allah ba shi da ɗa, a kan haka zan mutu. Ba gardamar addini ta kawo ni ba, maganar sana'a ce. Wancan da ke rataye a bangon ɗakinka, hannuwa a shimfiɗe, a naka faɗin wane ne shi a wurin ubangidan naka?"

"Ɗansa ne."

"Su nawa gare shi?"

"Shi kaɗai."

"Kuma aka kashe shi yana gani."

Barnabe ya ajiye robar da ke hannunsa.

Habibu ya ce, "To a gidan Mai Nasara wa ya koya maka kai habaici gidan da aka yi rashi? Marowacin da ya fi kowa rowa a Durum, ranar da ya binne ɗa, ganga a kife take. Zuwa ake yi a zauna a ce masa sannu. Kai shekara nawa kana shiga gidan nan kana fita, ka taɓa ce masa sannu?"

"Ai ya tashi, Yaya. Bai daɗe a kabarin ba."

"Wannan kuma ku kuka sani. Ni dai na binne nawa, na san ko yini ɗaya ne uba ya ji a jikinsa. Da tsoho yana raye ya ji abin da ka yi, da sandar ganga zai bi ka, gemunka da komai."

Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce bari ya je ya ga ko Wasila ta dama fura, don tun Durum yake jin ƙishi.

Ranar Juma'ar da ake tuna mutuwar Yesu, Wasila ta ga mijinta ya bar farar rigar a igiya, ya ɗauko wata shuɗiya da yake zuwa gaisuwar mutuwa da ita. Kalangu kuma yana rataye a ƙusa. Ta bi bayansa.

Rana ce ta tsakiyar bazara, duwatsun garin na fitar da zafi kamar tanda, wuta kuma ta ɗauke, majami'a ta cika da ƙarar mafici. A irin wannan rana akan fito da gicciye a riƙe shi a gaba, jama'a su yi layi, kowa ya durƙusa ya sumbace shi ya wuce. Shekara da shekaru layin na wucewa ta gaban Barnabe yana zaune. Ran nan sai aka ga ya cire takalmi ya miƙe, yana ɗingisa tsohuwar ƙafar nan. Da ya isa bai durƙusa kamar kowa ba. Zama ya yi a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa yadda ake zama a tabarmar makoki, ya sunkuyar da kai. Na kusa suka ji muryar da suka manta kamanninta.

"Sannu. Sannu da rashi. Ya haƙuri?" Sannan ya ce, "Na makara da zuwa. Ni ma tawa ita kaɗai ce."

Layi ya tsaya. Wani dattijo ya matso zai ɗaga shi, mompe ya ɗaga hannu ya hana. Nan Barnabe ya yi kukan da bai yi ba a asibiti, bai yi ba a maƙabarta, goshinsa a jikin itacen. Ba wanda ya gaggauta shi. Daga baya in an tambaye shi me ya ji a wurin, yakan ce bai ji murya ba, bai ga haske ba. Ji kawai ya yi kamar mai makokin ya ɗan matsa ya ba shi wuri a kan tabarma.

Washegari ya je wurin mompe ya furta laifinsa. Da suka gama ya tambaya, da gaskensa, waƙa nawa zai yi kafin ya rama Lahadin da ya ci a banza.

Mompe ya ce, "Baba Barnabe, ranar da aka wanke maka ƙafa, waƙa nawa ka yi kafin nan?"

"Ko ɗaya."

"To mai gidan bai sake hali ba."

Daga nan ya nemi Mushe Komla, wanda shi ma furfura ta cinye masa kai. Komla ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Muryar tana nan kuwa, tsoho? Kada ka sa mu ji kunya ranar idi."

"Ta tsufa, amma ta san hanya. Kai dai ka ce wa yaranka su saki takarda su buɗe kunne."

Safiyar Lahadin Pak majami'a ta cika har waje, mata sun sha anko, yara sun hau tagogi. Bayan shekarun nan duka Barnabe ya shiga layi ya karɓi jibi. Da aka zauna, ya miƙe da kalangunsa. Bugun farko ya yi daidai, amma da ya buɗe baki tari ya sarƙe shi. Aka jira. Ya sake gwadawa, murya ta fito a shaƙe, siririya, sai ta kama hanya ta fara buɗewa:

Ban yi sallama ba ka buɗe mini,
Ban yi waƙa ba ka ba ni.
Na tsaya a ƙofarka na yi maka habaici,
Ka ce a kai wa baƙo ruwa, ya sha rana.
Alherinka ya riga bakina.

Tsofaffin matan Benin ne suka fara ɗauka, sai 'yan ƙungiyar waƙa, sai kowa: Alherinka ya riga bakina.

Uban da ya san nauyin makara,
Ɗan da kabari ya haɗiya ya kasa riƙewa,
Ƙaunar da ba ta jira a roƙe ta,
Ruwan da ke sauka har gonar wanda bai yi shuka ba.
Alherinka ya riga bakina.

Sai ya juyo ya fuskanci jama'a, ya yi abin da ubansa ke yi a wajen gayya. Ya kama mutane ɗaya-ɗaya yana kiran su da sunan uba da garin asali, don duk shekarun da ya yi a zaune bakinsa ne a rufe, kunnensa a buɗe yake. Komla na bakin teku, tela mai ɗinkin anko, makanike mai baƙin hannu, gwauruwar da ke share majami'a wadda ba a taɓa kiran sunanta a taro ba. Kowa ya kira sai ya rufe da cewa ɗan Mai Gida ne, 'yar Mai Gida ce. Wanda aka kira sai ka ga ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. A ƙarshe ya sassauta kiɗan, ya ɗaga kai sama:

Sadiya Terez, 'yar Barnabe,
Jikar Mai Nasara na Durum,
Ta riga ni shiga, tana cikin gida.
Wanda ke kusa da ita ya gaya mata
Babanta ya daina fushi.

Wasila, wadda rabonta da guɗa tun kafin rasuwar 'yarta, ta dafe hanci ta rangaɗa wata doguwa, hawaye na bin fuskarta. Sauran mata suka karɓa. Aka yi ta maimaita amshin har sai da mompe ya haƙura ya zauna, shi ma yana tafi.

Barnabe ya ƙara wasu shekaru bayan wannan, fiye da yadda likita ya zata. Waƙa ta dinga zuwa masa kamar an fasa tulu. Yana ba taya iska yana ƙaga baiti, yana shafa gam yana gwada amshi a kan masu jiran faci, har 'yan kabu-kabu Musulmi suka iya wasu suna yi ba su damu da inda aka nufa da su ba. Ya yi wa masu baftisma, ya yi wa masu aure, amma inda ya fi daɗewa shi ne gidan da aka yi rashi. Can ba ya zuwa da kalangu. Zama yake yi kusa da uban ko uwar, ya yini.

Da kaka ta kama, ana cikin yankan hatsi, ƙirjin ya ci ƙarfinsa. Ya karɓi jibi a kan gadonsa, ya cika da hantsi, hannunsa a cikin na Wasila. Habibu ya zo daga Durum an riƙo shi, ya zauna a inuwar dogonyaro a wajen majami'a har aka fito da gawar, sannan ya bi sahu zuwa maƙabarta.

A bakin kabari Mushe Komla ya ɗaga hannu a fara waƙar Pak ɗin nan, sai aka rasa mai ba da baiti. Kowa ya san kalmomin, ba wanda ya iya sa bakinsa a wurin. Saboda haka aka yi shiru daidai tsawon baitin, sannan duka muka ɗauki amshi. Aka sake yin shiru, aka sake ɗauka, da ƙarfi fiye da na farko. Haka aka yi ta yi har aka gama tura ƙasa.